Malam Muhammadu Bakatsine, Mai Hisabin Taurari Da Ya Kwanta A Alƙahira

Ranar Laraba, 29 ga watan Maris na shekarar 2006, ina ɗan makarantar allo a zauren kakana da ke unguwar Sabo ta birnin Ibadan, aka yi husufin rana. Tun kwanaki kafin nan rediyo yake ta sanarwa, amma hankalin mutanen unguwarmu bai kwanta ba, domin abin ya faɗo daidai da Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda dama tsofaffi ba sa son a yi tafiya ko a ƙulla ciniki a cikinta. Da hantsi ya yi sai haske ya fara dusashewa kamar an barbaɗa wa gari toka. Masu goro suka rufe huhunansu, mata suka kira 'ya'yansu cikin gida, mu kuwa muka ɗauko gwangwanaye za mu fara kiɗa kamar yadda muke yi in wata ya yi zazzaɓi. Kakana ya hana mu, ya kuma hana kowa ɗaga ido sama. Sai ya aika aka karɓo masa rariya daga cikin gida, ya riƙe ta a rana, sai ga siffar jinjirin wata birjik a ƙasa, kowace huda ta rariyar da tata.

A Ibadan rana ba ta rufe duka ba, ɗan siririn baki ya rage mata. Amma a Shaki, nan arewacin Jihar Oyo, da Gusau da Katsina da Maraɗi, duhu ya rufe na 'yan mintoci har aka ga taurari. Bayan an idar da sallar husufi, kakana ya zaunar da mu ya yi mana bayani cewa wata ne ya gitta tsakaninmu da rana, shi ya sa ba a husufin rana sai a ƙarshen wata, kamar yadda ba a husufin wata sai a daren sha huɗu ko sha biyar, lokacin da inuwar ƙasa take faɗa masa. Ƙarshen wata ne kawai ya haɗa husufin da Larabgana. Yana wannan bayani ne hannunsa a kan wani littafin Larabci bugun Misira mai jan bango, wanda ba ya bari kowa ya taɓa.

Wannan littafi shi ne dalilin rubutun nan. Da kakana ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zo rabon littattafansa, sai wani baffana da ya yi karatu mai zurfi ya ware shi gefe, ya ce littafin sihiri ne, ƙonawa ya kamata a yi. Kakata ta ɗauke shi ta jefa cikin adudunta ta kulle. Ni kuwa abin da ya tsaya mani a rai shi ne sunan marubucin da na karanta a bangon: Muhammadu ɗan Muhammadu, Alfulani, Alkashnawi. Kashna ita ce Katsina a rubutun Larabawa. Ashe littafin da aka bugo a Misira, ya ratso duniya ya zo Sabo, mutumin ƙasarmu ne ya rubuta shi. A bana da malaminmu na fassara ya ba mu aikin samo kalmomin ilmin taurari da Hausa, na ga 'yan ajinmu sun duƙufa suna lanƙwasa kalmomin Ingilishi kamar ba a taɓa duban sama da harshen Hausa ba, sai na ga ya kamata mu san wannan bawan Allah.

Malam Muhammadu Bafulatani ne na ƙasar Katsina, ana kuma danganta shi da Ɗan Ranko, garin malamai da fatake da a wancan zamani yake kudancin ƙasar, a kan hanyar masu zuwa Gwanja sayen goro. Ya tashi a farkon ƙarni na 18, lokacin da Katsina take tashen kasuwa da karatu. Kafin zamaninsa an yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Shi Ɗan Masani har amsa ya rubuta wa malaman ƙasar Yarbawa a kan yadda ake gane lokacin sallar magariba. Ke nan tun fiye da shekara ɗari uku da suka wuce ana aika tambaya a kan faɗuwar rana daga ƙasar da aka haife ni zuwa Katsina, tun ba a san za a kafa unguwar Sabo ba, wadda sai a 1916 aka yanka ta.

Mafi yawan labarin Malam Muhammadu ya zo mana ne ta hannun masanin tarihin Misira, Abdurrahman Aljabarti, a littafinsa Aja'ibul Asar. Ya lissafa malamansa huɗu: Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fudu. Abin da zai ba ku sha'awa, 'yan'uwana ɗaliban harshe, shi ne mutumin nan da harshe ya fara. Ya lizimci Shehu Muhammadu Fudu wajen shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karatun nahawu da sarfu da adabi. Ya haddace Maƙamatu ta Hariri, hadda irin wadda in aka ambaci kalma ɗaya zai kawo wadda ta gabace ta ba tare da inda-inda ba, har malaminsa ya riƙa kiran sa Mai Maƙamatu. Da nahawu ya zauna masa sai laƙabin ya koma Sibawaihi. Wanda ya leƙa nahawun Larabci ya san nauyin wannan suna, domin Sibawaihi shi ne Bafarishen da ya rubuta uwar littattafan nahawu a Basra a ƙarni na 8. Shi ma ba Balarabe ba ne. Malam Muhammadu bai saki harshe ba har ƙarshen rayuwarsa, don yana da littafin nahawu mai suna Bulugul Arab, da waƙen ilmin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus wanda ya yi wa sharhi da kansa.

Hisabi kuwa a wurin Shehu Muhammadu Bindu ya ɗauke shi, tare da ilmin haruffa da na hatimi da na miƙati, a bisa tsarin malaman Magrib. A nan zan ɗan daɗe, domin a cikin ilmin miƙati ne kalmomin da muke nema suke kwance.

Miƙati shi ne sanin lokaci ta hanyar rana da wata da taurari. Musulmin da ba shi da agogo dole ne ya san shi, ko ya san wanda ya sani. Ɗalibi yana farawa ne da inuwa. In ka kafa sanda a fili tun safe, inuwarta tana yamma, tana ta gajarcewa har ta kai inda ba ta ƙara raguwa, sannan ta juya gabas ta fara tsawo. Wannan juyawa ita ce zawali, daga nan azahar ta shiga. In inuwar ta ƙaru da tsawon sandar a kan abin da ya rage mata lokacin zawali, la'asar ta yi. Malamai ba sa ma neman sanda, da inuwar jikinsu suke awo, suna ƙirga ta da tafin ƙafa, a kan cewa tsayin mutum ƙafarsa bakwai ne. Bayan faɗuwar rana akwai jan da yake saura a yamma, shi ne shafaƙi, ɓacewarsa ce shigar lisha. Alfijir kuma biyu ne, na ƙarya mai miƙewa sama da na gaskiya mai bazuwa a gefen gabas. Duk waɗannan kalmomi ne na ilmin falaki, mun saba da su ne a bakin ladan har muka manta asalinsu.

Daga inuwa sai a ɗaga kai. Rana da wata suna bin hanya guda a cikin taurari, kamar zobe da ya kewaye sama. An raba zoben nan gida 360, kowane gida sunansa daraja, kowace daraja kuma an raba ta daƙiƙa 60. Kun ga kalmomi biyu da muke faɗa kullum. Daraja ta koma matsayin mutum, daƙiƙa kuma ta sauka a agogo, inda Bahaushe ya rage mata girma ya mayar da ita sakan, alhali a Larabci minti ce. An kuma raba zoben kashi 12, kowane kashi daraja 30, su ne buruji: Hamal, Saur, Jauza, Saraɗan, Asad, Sumbula, Mizan, Aƙrab, Ƙaus, Jadyu, Dalwu da Hutu. Rana tana yin kamar wata guda a kowane ɗaya.

Rabon da ya fi shiga jinin Bahaushe shi ne na manzili. Wata yana gama kewaya taurari a kwana 27 da 'yan awoyi, saboda haka aka yi masa masauki 28, kowane dare ya sauka a ɗaya. Rana kuwa kwana 13 take yi a kowane masauki. In ka ninka 13 sau 28 za ka sami 364, sai a ƙara wa Jabha kwana ɗaya, shekara ta cika 365. Wannan ita ce kalandar manomi, domin shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, ba za a iya shuka da ita ba. Kakana ya haddatar da mu su bakwai-bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Na kaka suna farawa da Sarfa, na ɗari da Shaula, na bazara kuwa suna ƙarewa da Surayya da Dabaran. Surayyar nan ita ce Bahaushe yake kira Kaza da 'Ya'yanta, wato 'yan taurarin nan da suke cure wuri ɗaya. Takan ɓace cikin hasken rana a watan Mayu, in ta sake bayyana da asuba a watan Yuni manomin Katsina ya san damina ta kama. Mu a Sabo muna haddar nan ne ruwa yana dukan kwanon zaure tun watan Afrilu, a cikin taurarin da aka ce na bazara ne. Na taɓa yi wa kakana wannan ƙorafi, ya yi dariya ya nuna mani cewa taurarin ɗaya ne a ko'ina, damina ce kowace ƙasa da tata, shi kuwa lissafin gida ya taho da shi.

Da wannan guzuri Malam Muhammadu ya kama hanyar gabas. Aljabarti ya ce ya ratsa ƙasashe da dama, ya sadu da sarakunansu da malamansu, ya ƙaru da su sun ƙaru da shi, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi aikin hajji a shekarar Hijira ta 1142, wato 1730, ya kuma zauna a Makka.

Ina yawan tunanin abin da mai ilmin miƙati zai gani a irin wannan tafiya, don samar da ya baro a gida ba ita zai tarar ba. Akwai tauraruwar arewa, wadda ba ta fitowa ba ta faɗuwa, sauran ne suke kewaya ta. Tsayinta daga gefen sama daidai yake da nisan garinku daga tsakiyar duniya. A Ibadan daraja 7 ne da ɗoriya, shi ya sa ban taɓa ganin ta a Sabo ba, rufin gidaje da hazo sun tare ta. A Katsina daraja 13 ne, a Makka 21, a Alƙahira 30. Duk zangon da matafiyi ya ci zuwa arewa sai ta ƙara ɗagawa, wasu taurarin kudu kuma su nutse. Wannan yana daga cikin tsofaffin hujjojin da malamai suka kafa cewa ƙasa a dunƙule take. Inuwa ma takan sauya hali. A Katsina rana tana tsayawa a tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, har sanda ta rasa inuwa. A Alƙahira haka ba ta taɓa faruwa, inuwar zawali kullum arewa take kallo. Ke nan ƙirgan ƙafar da ya koya a gida sai an sake shi.

Ga kuma alƙibla. A wurin Bahaushe gabas da alƙibla abu ɗaya ne, in an ce wane ya fuskanci gabas an san salla yake yi, in an ce ya tafi gabas an san hajji ya tafi. To a Alƙahira alƙibla kudu maso gabas take. Mu ma nan ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, kuma ta Ibadan ta fi ta Katsina karkata. Wanda yake son ya gwada ta ɗakinsa, ga hanya mai sauƙi: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana bisa Ka'aba daidai. Inda take a wannan lokaci nan ce alƙibla.

A Alƙahira ya fara sauka ne a Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Nan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin mai tarihin, ya same shi. Shi wannan Hasan ba ƙaramin mutum ba ne. Asalin gidansu daga yankin Habasha ne, malamin fiƙihun Hanafiyya ne, kuma yana cikin manyan masana falaki na Misira a zamaninsa, mai zana agogon rana a masallatai, mai gyaran ma'aunan kasuwa. Irin wannan mutum ne ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki karatun hatimi da lissafin haruffa. Daga baya ma ya ɗauke shi da iyalinsa ya saukar da su a gidansa, kuma a nan ya kammala mafi yawan littattafansa. Mun saba jin cewa daga gabas ilmi yake zuwa mana. Wannan karon daga Katsina aka kai shi.

Biyu daga littattafan sun fi shahara. Na farko shi ne Bahjatul Afaƙ, a kan haruffa da hatimi. Hatimi dai kun san shi, ko a jikin allon mai rubutun sha kun gan shi. In aka cire abin da ake jingina masa, lissafi ne tsantsa. Ɗauki mai gida tara: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ta duk inda ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Malam Muhammadu ya bayyana ƙa'idojin da ake bi a gina irin wannan komai girmansa in yawan layukansa mara ne, kamar biyar ko bakwai ko tara, ba tare da lalube ba. Wannan ɓangare ne masana lissafi suke ambaton sa da shi a yau.

Na biyu shi ne mai jan bangon da ke adudun kakata, Addurrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. A Makka ya fara shi, ya gama shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146, wato tsakanin ƙarshen 1733 da farkon 1734. Ya gina shi ne a kan wani tsohon littafi, Assirrul Maktum, wanda ake jingina wa Fahruddin Arrazi da ya rasu a 1210. A irin wannan ilmi taurari iri biyu ne, tsayayyu da masu tafiya. Tsayayyu su ne waɗanda ba sa sauya wuri a tsakaninsu, Kaza tana nan da 'ya'yanta yadda kakanninmu suka gan ta. Masu tafiya bakwai ne, an jera su daga mai nawa zuwa mai sauri: Zuhalu, wanda yake shekara 29 da rabi kafin ya gama kewaye, sai Mushtari mai shekara kusan 12, sai Mirrihi mai kusan biyu, sai Rana, sai Zuhura, sai Uɗaridu, sai Wata. Kowanne da falakinsa, wato da'irar da yake bi, kuma ƙasa ce a tsakiya. An ba kowanne hatiminsa, Zuhalu mai layi uku, Mushtari mai huɗu, haka har Wata mai tara. An kuma raba musu sa'o'in yini da dare bi da bi. Tunda sa'o'i 24 ne su kuma bakwai, sa'ar farko ta kowace rana takan tsallaka uku: daga Zuhalu na Asabar sai Rana ta Lahadi, sai Wata na Litinin, Mirrihi Talata, Uɗaridu Laraba, Mushtari Alhamis, Zuhura Juma'a. Daga nan ne ake cewa wannan sa'a mai kyau ce, waccan nahisa ce. Ni a ganina ta wannan ƙofa ce kalmar sa'a, wadda asalinta awa ce, ta zama dace a Hausa, har muke cewa wane ya taki sa'a.

To, a nan ne maganar baffana take da ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ba. Littafin ba na awon sama kaɗai ba ne. Cike yake da zaɓen sa'a da turare da zane-zanen da ake cewa suna jawo tasirin taurari a kan mutane. Malaman Musulunci sun daɗe da raba ilmin taurari gida biyu: ilmin tafiyarsu, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi, wannan ba a yi saɓani a kan halaccinsa ba, da ilmin tasirinsu, wanda ake cewa su ne suke kawo arziki ko tsiya, wannan kuwa mafi yawan malamai sun hana. An ma yi husufin rana a ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, Annabi ya gyara musu. Binciken zamani ma bai sami wata hujja ba cewa Zuhalu yana da hannu a cinikin goron wani. A Sabo kuwa na ga masu gidajen baƙi da dillalan shanu da ba sa ɗora kaya a mota sai malam ya duba musu sa'a, kuma na ga kayan da aka duba wa sa'a sun ruɓe a hanya.

Inda na rabu da baffana shi ne ƙonawa. Ba a iya zaɓen sa'ar Mushtari sai an san inda Mushtari yake, saboda haka duk mai wannan sana'a dole ya fara da buruji da daraja da manzili, kuma wannan sashe gaskiya ne da ido yake tabbatarwa. A wancan zamani ilmin biyu a tukunya ɗaya ake dafa su, ba a ƙasashen Musulmi kaɗai ba. Kepler na Jamus, wanda ya gano ƙa'idojin tafiyar duniyoyi, ya rasu a 1630, shi ma yana yi wa manya duba da taurari yana karɓar lada. Gaskiya ne tsarin da Malam Muhammadu ya bi ya riga ya tsufa a Turai, domin tun 1543 Kofanikus ya fitar da littafin da ya sa rana a tsakiya. Yau mun san rana tauraruwa ce, wata kuma ƙasa yake kewayawa, sauran biyar ɗin duniyoyi ne irin tamu da ba su da hasken kansu. An gano Yuranus a 1781, shekara 40 bayan rasuwarsa, aka gano Naftun a 1846, kuma tun 2006 da aka cire Fuluto daga sahu duniyoyin takwas ake ƙirgawa har da tamu. Tsarin ya rushe amma sunayen ba su rushe ba. Mushtari yana nan Mushtari, falaki yana nan falaki, sai dai yanzu rana yake kewayawa. Ban ga dalilin da zai sa mu bar su mu je aro ba.

Allah ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a gidan Shehu Hasan a shekarar 1154, wato 1741. Shi ya bar wa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Abdurrahman da ya ba mu labarin ba a ma haife shi ba sai bayan shekara goma sha biyu ko sha uku, a gidan da littattafan Bakatsinen suke ajiye ya tashi. Bai koma Katsina ba, Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya ba ni kunya da na fara bincike shi ne, ashe har a garinmu an tono shi a zamanin boko. Bivar da Hiskett sun ambace shi a 1962 a nazarinsu na rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin jihadi. A 1967 kuma Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga maƙala a kan lissafinsa a mujallar Cibiyar Adana Rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. Daga Sabo zuwa ƙofar jami'ar nan mota ɗaya ce, ta Mokola da Sango. Daga nan wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta sa shi a littafinta Africa Counts na 1973, ta nan ne malaman lissafi na ƙasashen waje suka san shi. Kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu yana ajiye a makarantar SOAS da ke Landan. Na tambayi 'yan ajinmu, har da Katsinawa, ban sami wanda ya taɓa jin sunansa ba.

Da na je hutun da ya wuce na roƙi kakata ta buɗe mani adudun. Baffana ya yarda bisa sharaɗi biyu, a gabansa zan duba, kuma ba zan kwafi ko ɗalsami ɗaya ba. Na karɓa, don ba su nake nema ba. A gefen shafukan farko kakana ya bi sunayen Larabci yana rubuta na Hausa da ajami. Gefen Surayya ya sa Kaza da 'Ya'yanta. Gefen husufi ya sa zazzaɓi. Gefen Zuhura kuwa suna biyu ya rubuta, Zara da Gamzaki, ya ja layi ya haɗa su. Na girma ina ɗauka abu biyu ne, Zara matar wata da take fitowa da magariba a yamma, da Gamzaki mai fitowa da asuba a gabas. Ashe ɗaya ce. Falakinta yana cikin namu, kusa da rana, shi ya sa ba ta yin nisa da ita, takan yi watanni tana bin bayanta, ta ɓace, ta dawo tana gabanta, ta gama zagayen a kwana 584. Abokaina Yarbawa na Mokola suna kiran ta Aguala, su a wurinsu karen wata ce ba matarsa ba. Baffana da ya ga layin ya karɓi littafin ya kai shi kusa da fitila ya daɗe yana dubawa, don ya gane rubutun mahaifinsa. Da na cika shafi uku na littafin rubutuna, kakata ta karɓe shi ta naɗe a tsohon ɗankwali ta mayar cikin adudu, mabuɗin kuma yana ɗaure a bakin zanenta.